Furfura Ba Ta Hana Iyo

Ɗaya daga cikin jawaban kiwon lafiya da a ke karantawa a rediyon gwamnati. An buga shi domin a karanta wa jama'a a ɗakunan shan magani na ƙauyuka.

  Maganarmu ta yau ta manya ce, maza da mata, waɗanda suka ba shekara arba'in baya. Amma yara ma su matso kusa, gama akwai rabonsu a ciki nan gaba.

Kwanan baya wani dattijo ɗan kasuwa, mutumin unguwar Koki a cikin birnin Kano, ya zo wurina a ɗakin shan magani. Shekarunsa 58. Ya ce gwiwoyi sun dame shi, in ya durƙusa da ƙyar ya ke tashi, in zai hau benen gidansa sai ya tsaya a tsakiya ya huta. Na auna jininsa, na tarar ya hau. Na ce, "Alhaji, a wuni guda tafiyar ƙasa nawa ka ke yi?" Ya yi dariya, ya ce daga zaure zuwa bakin titi, sa'an nan a-daidaita-sahu ta kai shi kasuwa, ya zauna a rumfa har la'asar sakaliya. Na ce masa za a ba shi magani, amma magani kaɗai ba zai isa ba, lalle sai ya riƙa motsa jiki. Ya ce, "Malam, da wace gwiwar?" Na ce akwai motsin da ba ya cin gwiwa, shi ne iyo, watau ninƙaya. Sai ya riƙe baki, ya ce, "Ni da furfurata, da jikoki bakwai, in koma wasan yara a kududdufi?"

To, jama'a, cikin wannan amsa tasa akwai kuskure ɗaya, akwai kuma gaskiya ɗaya. Kuskuren shi ne da ya ce iyo wasan yara ne. Gaskiyar kuwa ita ce kududdufi ba wurin shigarsa ba ne, ba kuma wurin shigar jikokin nasa ba ne. Waɗannan abubuwa biyu za mu duba yau, ɗaya bayan ɗaya.

Abin Da Zama Ya Ke Yi Wa Jiki

Koki unguwar fatake ce tun da daɗewa. Mutanen dā da ƙafa su ke zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, suna kora jakuna. Marigayi Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi wannan fatauci a ƙuruciyarsa. Mata kuma suna daka, suna niƙa a dutse, suna jan ruwa a rijiya. Ba wanda ya taɓa ce musu su motsa jiki, gama sana'ar kanta ta isa. Yanzu fa? Inji ke niƙa, mota ke tafiya, waya ke kai saƙo. Sauƙi ne, mun kuwa gode, amma akwai abin da sauƙin nan ya ke ci a jikinmu ba mu sani ba.

Likitoci sun auna sun ga tun daga shekara 30 tsokar mutum ta kan fara raguwa, wajen kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma. Bayan shekara 60 raguwar ta kan ƙara sauri. Mai aiki da jikinsa ya kan rage mata gudu, mai yawan zama kuwa ƙara mata ya ke yi. Tsokar cinya ita ke tallafar gwiwa. Idan ta yi rauni, sai nauyin jiki ya sauka bisa gaɓar kanta, ciwo ya tashi. Ciwo ya sa mutum ya ƙara zama, zama ya kawo teɓa, teɓa ta ƙara wa gwiwa kaya. Haka abin ya ke ta juyawa har mutum ya kasa zuwa ƙofar gidansa ba sanda.

Zuciya ma tsoka ce, kuma ita ma aiki ke ƙarfafa ta. Har wa yau tsoka ce ke shanye yawancin sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci. Idan tsoka ta ragu, ba ta kuma aiki, sai sukari ya yi ta taruwa. Don haka mu ke ganin hawan jini, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki sun yi yawa a tsakanin masu zaman rumfa da masu zaman ofis. Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Nawa ne ya isa? A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni. Ta ce babban mutum ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, watau aƙalla rabin awa kowace rana, kwana biyar. Sau biyu a mako kuma ya yi aikin da ke ƙarfafa tsoka. Wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da motsin da ke gyara tsayuwa, kwana uku a mako, don kada ya riƙa faɗuwa. Ba a ce a yi gudu har a siƙe ba. Alamar daidai ita ce numfashi ya ƙaru, gumi ya ɗan tsattsafo, amma kana iya magana da na kusa da kai.

Dalilin Da Ya Sa Ruwa Ya Dace Da Mai Shekaru

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san guga ba shi da nauyi muddin yana cikin ruwa. Sai ya rabu da ruwan sa'an nan za ka ji shi a kafaɗa. Jikin mutum ma haka ya ke. Idan ka tsaya cikin ruwa iya ƙugu, ƙafafunka wajen rabin nauyinka kaɗai su ke ɗauka. Idan ruwan ya kawo wuya, abin da ya rage musu bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Watau mai nauyin kilo 80 ya koma kamar mai kilo 8. Gwiwar da ta gaji da kaya sai ta sami sararin miƙewa da lanƙwashewa ba zafi.

Na biyu, ruwa yana tare motsi. Gwada kaɗa hannunka cikin randa ka ji. Kowane bugu na hannu ko na ƙafa aiki ne, don haka damtse, da baya, da ciki, da cinya duk suna samun rabonsu a lokaci guda. Na uku, mai iyo tilas ya koyi jan numfashi da sakinsa a kan ƙa'ida, wannan kuwa horo ne ga zuciya da huhu. Na huɗu, a cikin ruwa ba tuntuɓe, ba faɗuwa bisa ƙasa mai tauri. Ga shi kuma a watannin bazara, sa'ad da zafin Kano ya kan hana tafiyar rana, ruwa yana sanyaya jiki.

Abu ɗaya ne iyo ba ya yi sosai. Ƙashi ba ya ƙarfi sai yana ɗaukar nauyi, ruwa kuwa ɗauke nauyin ya ke yi. Saboda haka mai iyo kada ya bar tafiyar ƙasa. A haɗa biyun.

Wanda bai iya iyo ba kada ya ce wannan magana ba tasa ba ce. Tafiya cikin ruwa iya ƙirji, daga wannan gefe zuwa wancan, ita ma aiki ce babba. Kuma babba yana koyon iyo, kamar yadda ya ke koyon karatu a ajin yaƙi da jahilci. Tsoro da kunya su ne kaɗai ke sa shi daɗewa.

Manya Masu Gasar Iyo

Yanzu mu koma ga cewar da Alhaji ya yi wai iyo wasan yara ne. Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ba shi amsa. Mu je Argungu, ƙasar Kabi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa su na girmamawa. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali, wanda a kan yi a Matan Fada. Kowa ya san ranar babban su, sa'ad da dubban masunta su kan ruga cikin ruwa da homa da gora. A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne. Amma ban da wannan akwai wasannin Kabanci, watau tseren kwalekwale, da tseren iyo, da nutso, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagin ruwa. Masu yin waɗannan ba yara ba ne, magidanta ne. Cikin masuntan nan za ka ga masu furfura suna kutsawa tare da samari, ba wanda ya ce sun zubar da girma. Sarkin Ruwa kuwa sarauta ce mai daraja. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan biki cikin al'adun da duniya ke alfahari da su.

A ƙasashen waje kuma an tsara wa manya gasar iyo tasu ta kansu. Wani likitan sojan ruwa na Amurka, Dokta Ransom Arthur, shi ya nace a kan cewa bai kamata mutum ya bar iyo don ya gama makaranta ba, gama zuciyar ɗan shekara 50 ta fi ta saurayi bukatar wannan aiki. A 1970 aka yi gasa ta farko a garin Amarillo, jihar Tekzas. Dabarar da aka yi mai sauƙi ce. A yau a kan raba mutane aji-aji bisa shekarunsu, tazarar shekara biyar biyar, 25 zuwa 29, 30 zuwa 34, haka har sama. Ɗan shekara 72 da sa'o'insa 'yan 70 zuwa 74 zai kara, ba da jikansa ba. A 1986 aka yi gasar duniya ta wannan tsari a Tokiyo, an kuma ci gaba da yi. An yi a Doha ta ƙasar Ƙatar a 2024, an yi a Singafo a 2025.

Ga labarin da ya fi ba ni sha'awa. Wata tsohuwa mutuniyar Japan, sunanta Mieko Nagaoka, an haife ta a 1914. Ba ta fara iyo ba sai da ta kai shekara 80, dalilin fara shi kuwa ciwon gwiwa ne, irin na Alhajinmu. Sannu a hankali ta gwanance har ta shiga gasa. A watan Afirilu na 2015, tana da shekara 100, ta yi iyon mita 1,500, watau kusan mil guda, a rigingine, cikin awa ɗaya da minti 16 ba kaɗan. Wurin iyon tsawonsa mita 25 ne, ke nan sau 60 ta ratsa shi. Ta rasu a 2021 tana da shekara 106.

Ban kawo wannan labari don kowa ya ce sai ya yi irin nata ba. Ba kuwa na ce iyo ne ya ba ta tsawon rai ba. Abin lura shi ne jikin ɗan shekara 80 ma yana karɓar horo. Amfanin gasa ga babba kuwa ba kofi ba ne. Mutumin da ya san abokansa na jiransa ranar Asabar, ya kuma san makon jiya sau huɗu ya ratsa ruwa, yana so bana-bana ya kai shida, ba ya fashi. Wanda ke yi shi kaɗai ya kan bari bayan mako biyu.

Amma Wane Ruwa?

Nan ne Alhaji ya yi gaskiya, nan ne kuma na ke so kowa ya buɗe kunne.

Kududdufan birnin Kano ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, ruwan damina ya cika su. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano, ya rubuta labarin waɗannan ruwaye masu kwanciya a tsakiyar gari, ya ce suna ɓata lafiya. A wannan shekara dai, a birnin Alƙahira, wani Bajamushen kuma, Dokta Bilharz, ya gano wata tsutsa cikin jijiyoyin jinin mutane. Ita ce mai kawo tsargiya, watau fitsarin jini. Sai a 1915 wani likitan Birtaniya, Dokta Leiper, ya tabbatar da hanyar da ta ke bi ta shiga mutum. Nijeriya tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa a duniya.

Ni mai wannan magana a kududdufi na koyi iyo. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Na gaya wa abokaina, suka ce ai alamar balaga ce, kowa ma yana yi. Na yi shiru, har ina jin kaina na zama namiji. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zo makarantarmu ta mishan, ta karɓi fitsarin 'yan ajinmu, ta sa a madubin likita, ta kira ni ta nuna mini ƙwai da idona. Jama'a, fitsarin jini ba balaga ba ne, ba zafin rana ba ne, ba kuma tsallake wani abu aka yi ba. Tsutsa ce.

Ga yadda ta ke tafiya. Mai cutar ya yi fitsari cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwai su fita tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su nemi wata ƙaramar katantanwa mai zama cikin ciyawar ruwa, su shige ta, su yi 'yan makonni suna ninkuwa. Sa'an nan su fito dubbai, ido ba ya ganinsu, sun fi kuwa fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke zuwa wanka. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata su ke shiga, cikin 'yan mintoci, ko ba rauni a jiki. Daga nan su bi jini, su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwan nan su ke yaga mafitsara, jini ya fito.

Abin da ya shafi manya musamman shi ne wannan. Sau da yawa in mutum ya girma jinin ya kan daina fitowa, sai ya zaci ya warke, alhali ɓarna tana ci gaba a ciki. Mafitsara ta kan yi kauri, hanyar fitsari ta toshe, ƙoda ta lalace, wani lokaci har ya kai ga ciwon daji na mafitsara. Ga mata ta kan kawo ciwon mara, da zubar jini, da wahalar samun ciki. Akwai kuma wata irin tsutsar mai kama hanji da hanta, ta kumbura ciki.

Ba kududdufi kaɗai ba. Tafki, da bakin dam, da gefen kogi inda ruwa ke kwance, da magudanan noman rani irin na Kadawa da Kura waɗanda ke samun ruwa daga dam ɗin Tiga, duk katantanwar nan tana iya zama a cikinsu. Ruwa ya yi garau ba shaida ba ce. Masuntan da na yaba ɗazu su ma cutar ba ta ƙyale su ba, sana'a ce ta tilasta musu shiga. A kududdufin birni kuwa, ban da tsargiya, ga ruwan kwata, ga shara, ga fasassun kwalabe, ga laka mai riƙe ƙafa, ga zurfin da ba a san inda ya fara ba. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, amma waɗanda suka rage sun fi na dā ƙazanta.

Akwai magani, sunansa firazikwantel. Ƙwaya ce, a kan ba da ita gwargwadon nauyin mutum, a makarantu kuwa gwargwadon tsawon yaro, a sha bayan an ci abinci. Tana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ta hana wata sabuwa shiga. Saboda haka masunta, da manoman shinkafa, da masu wanki a bakin ruwa su riƙa zuwa a duba su kowace shekara. Wanda ba shi da ruwan wanka sai na tafki, ya ɗebo ya ajiye a randa kwana biyu kafin ya yi amfani da shi, ko ya tafasa ya bari ya huce, gama 'ya'yan tsutsar ba su daɗewa in ba su sami mutum ba. Kada kuma kowa ya yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko kusa da shi.

Ruwan da ya dace da iyo shi ne na kwamin iyo, watau tafkin da aka gina da siminti, a ke tace ruwansa, a ke sa masa kulorin. Akwai irinsu a manyan otal-otal da wasu wuraren wasanni a Kano da sauran birane, a kan biya kuɗi a shiga. In ka je ka duba. Idan ba ka hango ƙasan kwamin ba, ko ruwan ya yi kore, ko babu mai tsaro a bakinsa, juya ka koma.

Dokoki Ga Wanda Zai Fara

1. Kafin ka fara, zo a auna jininka da sukarinka. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, sau da sau, kana bukatar magani da shawara tukuna.

2. Mai ciwon ƙirji, ko haki ba dalili, ko kumburin ƙafa, ko jiri, ko wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, kada ya shiga ruwa sai likita ya yarda.

3. Mai farfaɗiya kada ya kusanci ruwa sai da izinin likita, kuma da wani a gefensa wanda ya san halinsa.

4. Mai ciwon sukari kada ya shiga da yunwa. Ya ajiye dabino ko sukari a bakin ruwa. In akwai gyambo a ƙafarsa, ya jira ya warke.

5. Kada ka yi iyo kai kaɗai, kome gwanintarka.

6. Fara da minti goma a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, sau biyu ko uku a mako. Kowane mako ka ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

7. Kada ka faɗa da ka cikin ruwan da ba ka san zurfinsa ba. Kada kuma ka yi gasar daɗewa a nutse, gama mutum ya kan suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji alama ba.

8. Da hunturu ka shiga a hankali. Ruwa mai sanyi ƙwarai ya kan firgita zuciya.

9. In ka ji zafi a ƙirji, ko jiri, ko zuciya na bugawa barkatai, fita nan take, ka nemi asibiti.

In Ruwa Ya Ci Mutum

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ya kashe a duniya a 2021. A watan Nuwamba na wannan shekara jirgi ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara ɗalibai. Don haka kowane babba ya san abin da zai yi.

Wanda ruwa ke ci ba kasafai ya ke iya kururuwa ba, kai kawai za ka ga yana nutsewa yana tasowa. Kada ka yi tsalle ka bi shi in ba a koya maka ceto ba, gama zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Miƙa masa doguwar sanda, ko igiya, ko ka warware rawani ka jefa masa bakinsa, ko ka wurga masa jarka wadda ba kome a ciki, a rufe. In an fito da shi, kada a rataye shi kai a ƙasa, kada a danna cikinsa wai don ruwa ya fita. A duba numfashi. Idan yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, a rufa shi. Idan ba ya numfashi, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, sau 30 a hura sau 2, har taimako ya zo. Ko ya farfaɗo sarai, a kai shi asibiti.

Wanda Ba Shi Da Ruwa Mai Tsabta

Na sani yawancin masu jin wannan jawabi a ƙauye su ke, ba kwamin iyo kusa, na birni ma ba kowa ke da kuɗin shiga ba. To, kada ka ce tun da likita ya yaba iyo bari in faɗa tafki. Gara ka bar iyo da ka sayi tsargiya. Abin da jiki ke bukata motsi ne, ruwa hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyi.

Yi tafiya da ɗan sauri rabin awa, da sassafe ko da yamma. In gwiwa ba ta yarda ba, raba ta uku, minti goma goma. Hawan keke ma ba ya cin gwiwa. Manomi da damina aikinsa ya ishe shi, da rani ne ya kamata ya kula, sa'ad da a ke wuni a gindin bishiya. Mutumin Koki ya taka zuwa Kasuwar Kurmi da ƙafarsa. Wanda gwiwarsa ke da sauran ƙarfi ya gwada hawan Dala sau ɗaya a mako, yana hutawa a hanya.

Iyayenmu mata da ke cikin gida, ga naku. Ki zauna a kujera mai tsawo, ki tashi ba tare da dafa kome ba, sau goma, safe da yamma. Ki dafa bango da hannu biyu, ki matso da ƙirji, ki tura baya, sau goma. Ki riƙe bango, ki tsaya da ƙafa ɗaya gwargwadon ƙirga goma, ki sauya. Ki kewaya tsakar gida har numfashi ya ƙaru. 'Ya'ya da surukai kuma kada su ƙwace wa tsohuwa kowane aiki da sunan ladabi. Barinta ta yi shara, ta tsince hatsi, ta taka zuwa gidan maƙwabta, shi ma kula da ita ne.

Alhajin nan na Koki bai shiga gasa ba. Ya fara shan maganinsa, ya fara takawa zuwa kasuwa da safe. Ɗansa ya kai shi wani kwamin iyo a wajen gari, inda ya ke tafiya cikin ruwa iya ƙirji sau biyu a mako, tare da wani abokinsa sa'ansa. Da ya komo awo bayan wata uku, jinin ya sauka, ya ce yanzu yana hawa benensa ba tsayawa. Ya kuma zo da jikokinsa uku waɗanda ke zuwa kududdufi a ɓoye. Aka auna fitsarinsu, aka sami ƙwai a na biyu, aka ba su magani.

Wanda ya ji wannan jawabi ya gaya wa wanda bai ji ba. Mai shekara arba'in ko fiye ya zo ɗakin shan magani a auna jininsa. Wanda ya taɓa ganin jini a fitsarinsa, ko shekara talatin ke nan, ya faɗa wa malamin asibiti. Mako mai zuwa, in muna da rai, za mu yi magana a kan gishiri da hawan jini. Mu kwana lafiya.